Ƙarfen da ke Riƙe da Ƙafar Baya

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga direbobi da makanikai da 'yan kabu-kabu, waɗanda ke kan hanya yanzu haka tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, da waɗanda suka ɗan tsaya a mahaɗar Kalgo suna jiran fasinjan Jega ko na Bunza da Kamba. Allah ya kai kowa gida lafiya. Sharhinmu na yau zai sa mu durƙusa ne mu leƙa ƙarƙashin mota, can wajen ƙafafun baya, inda mai wankin mota ba ya kai soso, mai fenti ba ya kai buroshi, mai motar ma ba ya tunawa da wurin sai ran da ya fara ƙara.

Abin da ya tayar mini da wannan magana, kwanakin baya na kai tawa motar wani gareji a Kalgo a duba mini birki. Ina zaune kan benci a inuwar dogon yaro, sai ga wani saurayi ya shigo da Golf ɗinsa, ya wanke ta tas, ya sa mata manyan wili masu ƙyalli. Ya gaida maigidan garejin, wani dattijo da furfura ta cika wa gemu, ya miƙa masa waya ya ce, "Baba, ga abin da nika so a sa min." Hoton wani dogon ƙarfe ne ja jawur, mai kaurin damtse, an ɗaure shi a cikin wata motar tsere ta Amurka, ya taso daga tukunyar aksul ɗin baya ya miƙe har gindin giyabos. Ga kuma bidiyo: direba ya taka totur, motar ta ɗan zauna da baya, ta fizga kamar an saki kibiya. Saurayin ya ce ya samu wanda zai kawo masa irinsa daga Legas, in kuma ya yi tsada a nuna wa mai walda ya haɗa.

Dattijon ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya kama hannun yaron ya ja shi bayan motar, suka durƙusa tare. Ya ce, "Duba da kyau, ɗana. Wagga mota taka da ƙafar gaba taka ja. Babu farfela, babu tukunya nan baya. To mi kaka so ƙarfen ga shi riƙe maka?" Yaro ya yi shiru. Dattijo ya ɗauki ƙarfen cire taya, ya zura inda gadar baya ta haɗu da jikin mota, ya ɗan banƙara. Sai ga roba duk ta tsattsage, tana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Ya ce, "Ga ciwonka nan. Bushin ne ya ƙare. Shi ka sa tana lilo in ka sha kwana."

Tun daga ranar tambayar dattijon nan take yi mini yawo a kai. Me kake so ƙarfen ya riƙe maka? Na lura yawancinmu idan muka je sayen kayan ƙafar baya, ko na mota ko na babur, abu biyu kawai muke tambaya: nawa ne, kuma yana da kauri? Ba mu cika tambayar aikin da zai yi ba.

Bari in fara da bayanin aikin, don wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya bi mu. Duk abin da ya murɗa wani abu, shi ma ana murɗa shi ta ɗaya ɓarin. Kafinta ya san wannan: idan bakin injin huda ya cije a cikin katako, injin ne yake neman ya juya masa wuyan hannu. Mai injin markaɗe ya san shi, shi ya sa yake ɗaure injinsa tam a ƙasa kafin ya tayar. Haka abin yake a ƙafar abin hawa. Idan inji ya juya taya ta yi gaba, gidan da ke riƙe da tayar neman juyawa baya yake yi. Idan aka taka birki sai abin ya juye, gudun tayar ya nemi ya tafi da gidan gaba ɗaya. Dole a samu wani ƙarfe da zai tsaya ya ce a'a. Turawa suna ce masa tok-am. Mu a wannan shiri mu kira shi hannun riƙo.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu gan shi. Mai babur, in kana kusa da naka, zagaya ɓarin birkin baya. A yawancin baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, za ka ga sanda biyu a wurin. Ɗaya ita ce wadda ke jan birki, mai notin da kake ɗaurewa idan birki ya yi nisa. Ɗayar kuwa 'yar siririya ce, tsawonta bai fi kamu guda ba, ba ta motsi, ba ta ƙara, bakinta ɗaya a jikin faifan birki, ɗayan a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya. Wannan ita ce hannun riƙon babur. Duk lokacin da ka taka birki da buhun shinkafa a bayanka, ko da mace da goyo, ita ce ke hana faifan birkin bin taya ya juya. Noti ɗaya ke riƙe da ita a jikin faifan, sai wani ɗan fin mai baki biyu da ake zurawa a bayan notin a lanƙwasa, don kada girgizar hanya ta kwance shi.

Yanzu ku tuna sau nawa ake cire tayar baya. An yi faci, an canja sarƙa, an canja takalmin birki. Yaron mai faci yana sauri, wani na jira, ya mayar da noti da hannu, fin ya faɗi cikin yashi, ba wanda ya neme shi. Wani ya sa ƙusa, wani ya sa waya, wani ya bar shi haka nan. Ran da notin ya fita, ka taka birki a gangare, faifan zai juya tare da taya, ya naɗe sandar birki kamar zare a mazari. Ko taya ta cije nan take ta watsar da ku, ko birkin ya tafi baki ɗaya. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗori, Allah ya saka musu da alheri. Amma ina roƙon kada ɗayanmu ya kwanta a hannunsu saboda ɗan ƙarfen da kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

To mu dawo mota. A motar da ke ja da ƙafar baya, ƙarfin inji yana bi ta giyabos, ya shiga farfela, ya sauka a tukunyar aksul, daga nan ya rabu zuwa tayoyi biyu. In ka taka totur, hancin tukunyar sama yake son yi. In ka taka birki, ƙasa yake son yi. Kowane kamfani da dabararsa ta riƙe shi.

Tsofaffin direbobinmu sun san ɗaya daga cikin dabarun da suka fi kyau, ko da ba su san sunanta ba. Ina nufin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A Faransa ta fito a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, ita ce ta zama tambarinsa shekara da shekaru. A wannan shekara ta 1975 ɗin ne direba Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura irin tamu. In ka leƙa ƙarƙashin 504 ba za ka ga farfela tana juyawa a fili ba. An zura ta ne cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, wanda ya haɗa tukunyar baya da giyabos. Bututun nan shi ne hannun riƙonta. Shi ke ɗaukar murɗiya, sai ya bar wa sifirin aikin ɗaukar nauyi kawai. Doguwar ma, wadda ake lodin fasinja layi uku, sifirin nannaɗaɗɗe huɗu gare ta a baya, biyu kowane ɓari. Wanda ya taɓa shigarta daga Sakkwato zuwa Yawuri zamanin da Kebbi ba ta zama jiha ba, kafin 1991, zai tuna yadda take shanye gargada tana tafiya kamar jirgin ruwa. Waɗanda suka ƙera ta sun raba wa kowane ƙarfe aikinsa, ba su ɗora wa ɗaya kayan ɗan'uwansa ba.

Ƙarfen da saurayin nan ya gani a waya kuwa, asalinsa daga motocin Amurka ne irin su Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird, waɗanda aka ƙera tsakanin 1982 da 2002. Su da hannun riƙonsu suke fitowa daga kamfani, dogo, na falankin ƙarfe da aka lanƙwasa. Yana isar motar matuƙar an bar inji yadda yake. Amma masu son gudu sukan ƙara wa inji ƙarfi, su sa tayoyi masu faɗi masu kama kwalta, sai na kamfanin ya fara lanƙwashewa, wani lokaci har ya fasa wutsiyar giyabos inda aka ɗaure shi. Nan ne suke zuwa kasuwa neman wani.

Abin da ya burge ni da su shi ne yadda suke zaɓe. Mai tseren miƙaƙƙiyar hanya, wanda duka-duka tafiyarsa mita 400 ce da 'yan kai, gajere yake nema, don gajere yana danna taya ƙasa da ƙarfi lokacin tashi. Amma ya san farashin da zai biya: in ya taka birki da ƙarfi, ƙafar baya tana iya yin tsalle-tsalle. Mai tseren da ke da kwanoni dogo yake so, don ya fi sauƙin hali a birki. Wanda kuma da motar yake zuwa aiki kullum, roba yake so a bakin ƙarfen, saboda mai ƙwallon ƙarfe zalla yana shigo da duk ƙarar hanya cikin mota, ƙura kuma tana cinye shi da wuri. Akwai mai zare a jiki wanda ake ɗaurewa a sassauta don a daidaita inda hancin tukunya ke kallo, da ma'auni ake yi, digiri ɗaya zuwa uku ake magana. A kuskure wannan, mota ta kama rawa a kan gudu, kuros ɗin farfela ya ƙare cikin 'yan watanni. Kun ga ke nan ko a can, babu ƙarfe ɗaya da ya fi kowanne. Kowa sai ya faɗi aikin motarsa kafin a ce masa ga naka.

Mu a Gwandu da Kalgo ba tsere muke yi ba, amma abin da muke nema daga ƙafar baya ya fi na masu tsere nauyi. Namu gwajin shi ne lodi. Lokacin cirar albasa a ƙasar Gwandu, ko lokacin da shinkafar rani ta nuna a fadama, ku tsaya bakin hanya ku ga a-kori-kura da Hilux da kanta suna fitowa daga gonaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma samu manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, shanshera ta ƙaru a hanyoyinmu. Alhamdu lillahi, arziki ne. Sai dai kowane buhu a kan ƙafar baya yake zama.

Irin waɗannan motoci ba su da hannun riƙo na daban. Sifirin mai ganye shi ke yin komai. Shi ke ɗaukar nauyi, shi ke tsayar da aksul a mazauninsa, shi ne kuma ke hana shi murɗewa. Aiki uku a wuyan bawa ɗaya. Idan ganyen ya gaji, ka zo tashi da lodi a cikin yashi, aksul sai ya murɗa sifirin ya lanƙwashe shi kamar maciji, taya ta kuɓuce, sifirin ya dawo da ƙarfi, taya ta sake kamawa. Shi ne wannan bugun da kake ji, dam-dam-dam, motar tana sukuwa a wuri ɗaya. Direbobi da yawa sukan ɗauka kuloci ne. Sau tari ƙafar baya ce ke kuka.

Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan da idona. Wata shekara na biyo wata a-kori-kura daga wani ƙauye a ƙasar Gwandu, ina gaba tare da direba, albasa a baya har ta fi rufi tsawo, mutum huɗu a kanta. Muka shiga wani rafi da ya ƙafe, yashi ya riƙe mu. Direba ya ba ta wuta, ta yi sukuwar nan sau uku, sai muka ji ƙas. Mun fita, amma da muka hau kwalta na ga yana riƙe da sitiyari a karkace, motar tana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Muka tsaya. Ƙusar tsakiya da ke haɗa ganyayen sifirin ce ta karye, aksul ya ja baya ta ɓari ɗaya har taya tana gogar bodi, tana warin roba. Da muka duba guntun da ya faɗo, ashe ba ƙusar sifirin ba ce ma, wani bol ne na gama-gari aka samu aka zura. Mutanen da ke bisa kaya suka sauko suna salati. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne, ya dubi direban ya ce, "Ɗana, da a kan gudu ta yi wannan fa?" Ba wanda ya amsa masa.

Maganin da muka saba da shi kowa ya san shi: a ƙara ganye. Mota ta zo da biyar, a mayar da ita takwas ko tara. Ba zan tsaya nan in ce ƙarin ganye haramun ne ba. Ganye ɗaya ko biyu na ƙwarai, masu faɗi daidai da na asali, da sabuwar ƙusar tsakiya da sababbin yubol, suna taimakon motar da kullum cikin kaya take. Abin da nake so mu gane shi ne iyakar abin da ƙarin yake yi. Yana hana bodi zama a kan taya. Shi ke nan. Bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa boris ba, bai ƙara wa shaf ɗin da ke cikin aksul ba, bai ƙara wa taya ba. A da in lodi ya yi yawa motar takan durƙusa, kowa ya gani, direba da kansa ya ce a rage. Yanzu an toshe mata baki. Tana tsaye ƙyam da buhu 20, alhali a-kori-kura ko Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan guda ba ko kusa da haka, wato buhu 10 masu kilo 100. Sauran goman suna nan, suna cin ƙarfen da ido ba ya gani. Kuma sifirin da ya yi tauri ƙwarai ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi ga shasi, shi ya sa kuke ganin shasi na tsagewa daidai inda aka rataye sifirin.

Akwai wani abu kuma da nake roƙon makanikai su saurara da kyau, don ba kowa ya san da shi ba. A yawancin tsofaffin Hilux da ire-irensu, akwai wani ɗan bawul a bayan shasi, bututun man birki ya bi ta cikinsa, da wata siririyar sanda da ta sauko ta kama aksul. Aikinsa auna nauyi. In mota ta zauna saboda kaya, sandar takan tura shi ya buɗe, ya ba ƙafar baya cikakken birki. In babu kaya sai ya rage, don kada tayoyin baya su cije motar ta juya. To ka ƙara ganye huɗu, mota ta daina zama. Bawul yana ganin ba kaya, alhali tan biyu ne a sama. Sai ya riƙe birkin baya, ya bar na gaba da aikin duka. Direba ya zo gangare ko shanu suka fito masa, ya taka, ya ji motar tana tafiya. Wasu kuma in sandar ta karye sai su ɗaure ta da waya ko su cire bawul ɗin su jefar. Duk wanda ya taɓa tsawon ƙafar baya, wajibi ne ya sake daidaita wannan sanda. In bai san yadda ake yi ba, ya tambayi wanda ya sani, tambaya ba ta rage wa oga girma.

Taya ma tana da bakinta, a rubuce a jikinta. Bayan lambar girma akwai wata lamba da ke faɗin nauyin da za ta iya. In ka ga 91, kilo 615 ke nan. In ka ga 100, kilo 800. In 106 ce, kilo 950. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin lodin albasa, cikin zafin watan Afrilu a kan kwaltar Jega, jiran lokaci kawai take yi. Akwai kuma lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Wanda ya iya karanta lambar waya zai iya karanta waɗannan.

Sai maganar kasuwa. Kayanmu daga Ƙofar Ruwa a Kano suke zuwa, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi. Mai shago zai tambaye ka, sabo kake so ko Beljiyam, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi a Turai? Ni a ganina amsar ta danganta da abin da za ka saya. In ƙarfe ne zalla, hannu ko ganyen sifirin, Beljiyam na asali yakan fi sabon da ba a san wanda ya yi shi ba, muddin ka kankare shi ka duba. A ƙasashen sanyi gishiri suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe daga ciki, wani an shafe shi da baƙin fenti ne kawai. Ka ƙwanƙwasa, ka duba bakin walda, ka ɗora shi kusa da tsohon naka ka ga tsawo da ramuka sun yi daidai. Amma roba ba ta da Beljiyam. Robar da ta shekara 15 a Turai ta tsufa ko da ba ta tsage ba, rana ɗaya ta Kebbi ta ishe ta. Bushin sabo ake saye, mai kyau. Shakazoba kuwa cikinta ba ya ganuwa. Ka matsa ta da hannu ka ja, in ta tafi sululu ba turjiya, ko ka ga jiƙar mai a wuyanta, ajiye ta. Kuma biyu ake canjawa tare, hagu da dama. Sabuwa a ɓari ɗaya, matacciya a ɗayan, mota ce mai ɗingishi.

Bol ɗin da za a ɗaure da shi, a duba kansa. Na ƙwarai yana da lamba, 8.8 ko 10.9. Wanda kansa ke a shafe ba lamba, na ƙofa ne da gadon ƙarfe, kada ya kusanci ƙafar mota. Idan an sa sabon bushin, kada a ƙarasa ɗaure shi mota tana rataye a kan jak. A sauke ta ta tsaya da ƙafafunta tukuna, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ta yage tun ba a je ko'ina ba. Yubol kuma a koma a sake ɗaure shi bayan 'yan kwanaki ana aiki, domin sababbin ganyaye sukan zauna su saki.

Ganyen da ya karye fa? Kada a yi masa walda. Ku tambayi maƙeranmu, su suka fi kowa sanin ƙarfen sifirin, da shi suke ƙera gatari da adda da wuƙa. Za su gaya muku ƙarfe ne da aka ba horo da wuta, kuma wuta ce ke kwance masa horon. Inda aka ɗora walda nan zai sake karyewa, ba kuma zai yi sallama ba. Karyayyen ganye hakkin maƙeri ne, a kai masa.

Na san abin da wani direba ke faɗa a ransa yanzu: Malam, kai kana cikin ɗaki mai sanyi kana magana, ka san nawa muke shan mai? Na sani, kuma ban raina wannan kuka ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara hawa. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka bi ta. Mai kaya yana son a kwashe masa a sawu ɗaya, mai mota yana jiran balas da yamma, yara suna jiran cefane. Ba mugunta ke sa direba obalodi ba. Shi ya sa maganata ba ga direba kaɗai take ba. Alhaji mai mota, in direbanka ya ce ƙafar baya tana ƙara, kada ka ce ya lallaɓa sai bayan kaka. Kuɗin bushin da yubol ba su kai kuɗin aksul ba, balle diyyar rai. Alhaji mai albasa, in an ce maka sawu biyu ne, kada ka nemi wanda zai yi maka a ɗaya. Fasinja, in ka ga taya ta shige cikin bodi ko mota tana tafiyar ƙaguwa, kana da ikon ka ce a sauke ka.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na ƙungiyar makanikai ta NATA a Gwandu da Kalgo. Jami'an kiyaye haɗurra, tun kafa hukumarsu a 1988, a bakin hanya suke tsayawa, abin da ido ya gani shi suke dubawa. Ƙarƙashin mota kuwa ku ne kuke shiga. Ga Jami'ar Tarayya a nan Kalgo, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Me zai hana a nemi malaman injiniya su zauna da ogannin gareji ko sau ɗaya kafin kakar albasa, wannan ya zo da lissafinsa, wancan ya zo da shekarunsa 30 a ƙarƙashin mota, yaran gareji su zauna su saurara? Dattijon nan na Kalgo yana da ilimin da ya kamata a ji shi fiye da inuwar dogon yaro ɗaya.

Saurayin mai Golf dai bai sayi jan ƙarfen ba. Bushin biyu aka sa masa da shakazoba biyu, ina nan zaune aka sauke motar daga jak, dattijo ya shiga ƙarƙashi da kansa ya ƙarasa ɗaurewa. Saurayin ya zagaya da ita ya dawo yana murmushi, ya ce, "Baba, kamar ba ita ba."

Mai babur, gobe da safe in Allah ya kai mu, kafin ka buga kik, durƙusa ka duba 'yar sandar nan ta ɓarin birki. Taɓa notin da hannunka, ka tabbata fin yana nan a lanƙwashe. In babu shi, tura babur ɗin zuwa wurin mai gyara, kada ka hau. Mai a-kori-kura, kai kuma leƙa ka ga ko sandar bawul ɗin birkinka tana haɗe da aksul. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a abin da muke ɗaukowa.